Me Ke Sa Kwamfutar Wasa Ta Riƙa Mutuwa Ana Tsakiyar Wasa?

Abin da ya jawo darasinmu na yau shi ne wani ɗalibi mazaunin Tudun Wada, nan Zariya, wanda ya kawo mini kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka cikin watan Afrilu, ransa a ɓace. Irin mai ƙarfin nan ce da aka ƙera musamman domin wasanni. Ya ce in rubutu yake yi lafiya lau, amma da zarar ya buɗe wasan ƙwallon FIFA, ba a minti ashirin sai hoto ya fara tsinkewa, fanka ta yi ta gurnani, can sai ɗif, ta mutu. Wani mai gyara ya goge masa Windows ya sake sa sabuwa, ayyukansa na makaranta suka tafi, ita kuwa cutar tana nan daram.

Da na kara hannuna a gefen da iska ke fita, sai na ji ɗan huci kaɗan, alhali bayan na'urar ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Nan na gane inda gizo ke saƙa.

Bari mu koma ga tushe. Tun wajen 1840 wani masani Bature ɗan Ingila, James Joule, ya nuna cewa duk inda wutar lantarki ta ratsa, sai wani ɓangare nata ya koma zafi. A cikin kwamfuta kuwa kusan dukkan wutar da ta sha zafi take zama. Cajar kwamfutar ofis ba ta cika wuce wat 65 ba, amma ta kwamfutar wasa takan kai wat 180 ko 230. Mafi yawan wannan wuta ƙwaƙwalwa biyu ne ke shanye ta, wato mai lissafi da mai zana hoto, kowace girmanta bai fi na kan sarki ba. To, ku tuna zafin tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, sa'an nan ku ƙaddara an tara shi a kan ɗan fallen nan. Lokacin rubutu ƙwaƙwalwar zana hoto kusan barci take yi, wasa ne ke tashinta.

Hanyar da maƙera suka bi don fitar da wannan zafi abin sha'awa ce. Akan ɗora wa ƙwaƙwalwar wani bututun jan ƙarfe wanda aka zuƙe iskar cikinsa, aka sa 'yan ɗigon ruwa, aka liƙe. Da yake babu iska mai danne shi, ruwan yakan tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Tururin sai ya ruga zuwa ɗaya bakin, inda aka jera siraran fallayen ƙarfe kamar haƙoran mataji, fanka tana hura su. A can sai ya huce, ya koma ruwa, ya tsattsafo baya ta jikin bututun kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Wanda ya san dalilin sanyin ruwan randa ya riga ya san rabin wannan hikima, domin ruwan da ya zama tururi da zafi yake tafiya.

To, a nan ne garinmu ya shigo cikin lissafin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso mana ƙura mai laushi kamar gari, da yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi. Fanka tana shaƙar ta, tana tara ta a bakin fallayen nan har ta zama kamar bargo. Ba a gane ɓarnar a lokacin, saboda gari da sanyi. Sai bazara ta shigo, Maris da Afrilu, sa'ad da ɗaki mai rufin kwano kan kai digiri 40 da rana. Zafi kuwa gudunsa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin abu mai zafi da iskar da ke kewaye da shi. Yawancin waɗannan ƙwaƙwale iyakarsu wajen digiri 100 ce. In ɗaki yana 25, tazara 75 ke nan. In yana 40, saura 60. Kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun ba a yi maganar ƙura ba. Idan ƙwaƙwalwa ta kusa iyakarta sai ta rage gudu da kanta, shi ne tsinkewar hoton. In hakan bai wadatar ba sai ta kashe na'urar don kada ta ƙone. Ashe dai ba lalacewa ta yi ba, kanta take ceto.

Amma kada ku ɗauki maganata haka kawai, ku auna. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da ke nuna zafin ƙwaƙwalwa. A rubuta adadin kafin wasa, a sake rubutawa bayan minti biyar da minti goma. Sa'an nan a canja abu ɗaya tak: a ɗauke ta daga kan katifa zuwa tebur, a ɗaga bayanta da murafan kwalba, a sake aunawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a canja abu uku lokaci guda, ta warke, ba a san wanne ne maganin ba. Malamai, ga gwaji mai kyau na aji, har da zana jadawali.

Tamu mun buɗe ta, muka riƙe fankar da yatsa don kada ta yi juyin da zai lalata ta, muka share ƙurar da burushi mai laushi. Muka kuma sabunta ɗan man nan da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da bututu, domin ya bushe ya tsattsage kamar laka. Da yamma ɗalibin ya buga wasa uku a jere ba ta yi ko tari ba.

Idan an auna aka ga zafi bai wuce kima ba, sai a duba yadda take mutuwa. Wadda ke nuna rubutun kuskure a allo kafin ta sake tashi, galibi direban ƙwaƙwalwar hoto ne ya tsufa, ko kuwa ram ɗinta ke da ciwo, kuma ana gwada shi da MemTest86. Wadda batirinta ke raguwa alhali tana jone, a duba cajar; sau da yawa ƙarama ce aka haɗa da ita a kasuwa. Amma in kuka ga bayanta ya kumbura, ko wurin da ake shafawa da yatsa ya taso, to batirin ne ya kumbura. A cire ta daga wuta nan take, kada a danna shi, kada a soke shi, domin yana iya kamawa da wuta. A kai wa gwani ya canja shi, bayan an kwafe ayyukan makaranta zuwa wani wuri.