Zuwa Ga Ɗiyar Mai Kujera

Mahaifinki ya ci zaɓe, yanzu ko biki kika shiga a Boɗinga sai an taɓa juna ana cewa ga ɗiyar Onarabul. Ban hana ki jin daɗi ba, don bawan Allah ya sha rana da ƙura kafin ya kai nan. Amma akwai maganar da masu cika zaurenku ba za su gaya miki ba, ni kuwa goggonki ce, dole in faɗa.

In kin bar garin nan kin nufi Tambuwal, za ki ratsa Shagari. Can aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Malamin makaranta ne, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya yi minista, ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba 1979. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓe mulki, aka tsare shi har 1986. Ki ɗauka ke ce ɗiyar gidan a safiyar da ta biyo baya. Jiniya ta ɗauke, masu fadanci sun watse, duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Abin da ya rage wa iyalinsa shi ne mutuncinsa, domin binciken da aka yi bai same shi da cin dukiyar jama'a ba. Ya koma cikin mutanensa bai sunkuyar da kai ba, kuma da ya rasu a Disamba 2018 a Shagari aka rufe shi. Kujerar mahaifinki ba ta kai tasa ba, wa'adinta kuma shekara huɗu ne.

Wadda na fi so ki sani kuwa ita ce Nana Asma'u. Mu mutanen ƙasar nan ba mu da hanzarin jahiltarta, tunda mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, nan kusa da mu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, baffanta Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. An haife ta wajen 1793. Tana 'yar kimanin shekara 10 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da ƙaura tun ba ta isa aure ba. Da al'amura suka daidaita, sai ga ta ɗiyar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Babu macen da ta fi ta gata a daular nan. Da ta so, da ta zauna a ɗaki ana yi mata fifita.

Ba ta yi haka ba. Ta yi karatu har ta rubuta da Larabci da Fillanci da Hausa, sannan ta duba ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa gaban malamai. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa su jajoji, kowace ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji kan tattaro 'yan mata da tsofaffi daga garinsu, su tako har gidanta a Sakkwato, su koyi tsarki da salla da zaman aure da kula da mara lafiya, cikin waƙoƙin da ta tsara don su yi sauƙin haddacewa, su koma su karantar da matan da reno ya hana fita. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Abin da suka kawo mata na sadaka, mabukata take rabawa. Ta rasu wajen 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Ki lura, ɗiyata, sunan mahaifinta ne ya sa mazaje suka yarda matansu da 'ya'yansu su je gare ta, ita kuma ta kashe darajar sunan nan a kan matan.

Ke ma kina da irin wannan dama, gwargwadon naki. Zauren ɗan siyasa na maza ne. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu ba za ta kutsa cikin 'yan jam'iyya ta yi magana ba, amma za ta same ki a tsakar gida. Ki saurare ta, ki ba ta tabarma da ruwa, ki kai maganarta yadda ta faɗe ta. Kada ki taɓa karɓar ko turmin atamfa don ki sada wani da mahaifinki. Ranar da kika karɓa, kin fara zubar masa da abin nan da ya rage wa gidan Shagari.

Karatunki kuma kada ki bari hidimar siyasa ta katse shi. Masu neman aurenki sun ƙaru daga zaɓe zuwa yau, na sani, ke ma kin sani. Ki duba wanda ke gaishe da mahaifinki tun yana hawa babur. Hotunan mota da leshi da ake zubawa a Facebook, ki sassauta, domin masu kallo su ne waɗanda suka bi layi cikin rana suka jefa ƙuri'a, wasunsu ba su ɗora tukunya ba.

Ga abin da nake roƙonki. Ranar Juma'ar nan ki je ƙauyen kakarki, ki zauna da matan gida, ki tambaye su 'yan mata nawa ne ke yawon talla lokacin da 'yan uwansu ke aji, da abin da ya hana su zuwa. Ki rubuta sunayensu da hannunki. Bayan sallar isha'i, in zaure ya watse, ki kai wa mahaifinki takardar, kuma kada ki tashi sai ya karanta ta a gabanki.