Kafin Ku Kira Masu Wanke Bututun Iska da Feshin Fumfuna: Shawarwari ga Mazauna Amurka

A yawancin gidajen Amurka na'ura guda ce ke ɗauke da gida gaba ɗaya. Tana zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a saman silin, tana hura sanyi lokacin zafi, tana hura ɗumi da hunturu, iskar kuma tana bi ta bututan da aka ɓoye cikin bango. Da yake ba wanda ke ganin cikin bututan nan, sana'ar wanke su ta zama kasuwar da masu gaskiya da 'yan damfara suka cakuɗe. Idan kun soma jin warin laima, ko an jefo muku takardar talla a akwatin wasiƙa, ga abin da za ku duba kafin kuɗi ya bar aljihu.

1. Ku fara leƙawa da kanku.
Sukudireba da tocila sun wadatar: ku kwance murfin mafitar iska biyu ko uku, ku zura waya ku ɗauki hoto. 'Yar ƙura a jikin bututu ba abin tashin hankali ba ce, kowane gida yana da ita, kuma galibi a manne take. Baƙin da ke bakin murfin ma sau da yawa ƙura ce da hayaƙi, balle a gidan da ba a rabuwa da turaren wuta, ruwan sabulu kawai yake buƙata.

2. Ku san dalilai ukun da ke sa a kira su.
Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta zayyana su a jagorar da ta fitar tun 1997: fumfuna mai yawa da ido ke gani, ɓeraye ko ƙwari da suka yi gida a ciki, ko ƙurar da ta cushe bututu har tana fesowa ɗaki. Hukumar ta ce ba a taɓa tabbatar da cewa wanke bututu yana hana wata cuta ba. Duk wanda ya ce muku dole ne a yi shi kowace shekara don lafiyar yara, cinikinsa yake nema.

3. Ku nemo ruwan kafin ku nemi mai feshi.
Fumfuna ba ta tsira a busasshen wuri, saboda haka duk inda kuka gan ta akwai laimar da ke ciyar da ita. Ku duba farantin da ke tare ruwa a ƙarƙashin na'urar, da siririn bututun da ke fitar da shi waje, da rufin gida, da inda rigar bututu ta yage a saman silin har ƙarfen yana gumi. Feshi ba tare da gyara wannan ba kamar kwashe ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo, kuma ma'aikacin da bai tambaye ku zancen laima ba tun farko, ni ba zan ba shi aikin ba.

4. A nuna muku, gani ya kori ji.
Kada ku yarda da hoton da aka miƙo muku a waya, don yana iya zama na wani gida; ku je wurin ku tsaya a buɗe a gabanku. Idan ana tantama, a manna salatif a jikin abin a kai ɗakin gwaji, wanda a tsohon ƙiyasin EPA kuɗinsa kusan dala 50 ne. Wasu kuma sukan ajiye ɗan faranti a ɗaki, bayan kwanaki su nuna muku abin da ya tsiro a kai, alhali ko a gidan da ya fi kowanne tsabta aka ajiye shi sai ya tsirar da wani abu.

5. Mai gwaji daban, mai gyara daban.
Wanda zai ci riba idan an sami fumfuna bai kamata ya zama shi ne mai cewa akwai ta ba. Jihar New York ta mai da wannan doka tun 2016, Texas da Florida ma suna da irin tasu, har da lasisi na musamman. Ko jiharku ba ta tilasta ba, ku raba aikin da kanku.

6. Ku ji tsoron farashin dala 99.
Araha ba ta ado, a nan kuwa tarko ce: da ita ake shiga gida, bayan minti ashirin a fito da fuska a murtuke a ce an ga fumfuna, sai lissafi ya haura dubu. Ƙiyasin da EPA ta daɗe da bayarwa na aikin gaskiya shi ne dala 450 zuwa 1,000 ga kowace na'ura, kuma tsohon lissafi ne. Ku karɓi farashi a rubuce daga kamfani uku, kowanne ya faɗi mafitar iska nawa zai taɓa da abin da kuɗin ya ƙunsa.

7. Ku tambayi takardu, ba kunya a ciki.
Lasisi, inshora, da lambar wasu da aka taɓa yi wa aiki. Ƙungiyar masu sana'ar, NADCA, wadda aka kafa a 1989, tana da jerin mambobinta a intanet, ku duba da kanku maimakon dogaro da tambarin jikin mota. Wanda ya ce EPA ce ta tantance kamfaninsa ƙarya yake yi, hukumar ba ta tantance kowane kamfanin wanke bututu.

8. Ku san da me aka yi bututunku.
Na zallar kwano yana wankuwa tas. Wanda aka shimfiɗa wa audugar gilashi a ciki kuwa, idan ya jiƙe ya yi fumfuna, ba wankin da zai fitar da ita, sai dai a yanke ɓangaren a sa sabo. Wannan tambaya ɗaya tana iya hana ku biyan kuɗin aikin da ba zai yiwu ba.

9. Kada a fesa komai sai kun karanta jikin kwalbar.
Ku nemi lambar rajistar EPA, ku tabbata an rubuta cewa maganin na cikin bututun iska ne, domin duk abin da aka zuba a nan huhun 'ya'yanku zai je. Kashe fumfuna ma bai isa ba, matacciyarta tana tayar da atishawa da asma, dole sai an kankare an kwashe. Injin ozon da wasu ke kawowa wai don kashe wari, iskarsa tana cutar da huhu, ku ce a mai da shi mota.

10. Ranar aiki ku kasance a gida.
Aiki na gaskiya yana cin sa'o'i, kuma yana haɗawa da fanka, da kwayil, da farantin ruwa, da bututan shiga da na fita, don in an bar ɗaya zai sake ɓata sauran. Injin zuƙar ƙura ko dai ya fitar da iskarsa waje, ko ya kasance da matacin HEPA, duk ramin da aka huda kuma a toshe shi. Idan an gina gidan kafin 1980 a duba ko akwai asbestos a jikin bututun kafin a taɓa, sannan ku riƙe cikon kuɗi har sai kun haska tocila kun gani.

11. Ɗan haya, kada ka yi gaban kanka.
Na'urar ta mai gida ce. Ka ɗauki hoto, ka rubuta masa saƙo mai kwanan wata, ka adana kwafi.

12. Ku kashe ƙananan kuɗin da ke hana manya fita.
Ku riƙa duba matacin iska kowane wata, ku canza shi kada ya wuce wata uku, ku kunna fankar banɗaki da ta kicin duk lokacin wanka da girki. Duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin sa'o'i 24 zuwa 48, kafin fumfuna ta kama. Ku sayi 'yar na'urar auna laima, ana samunta daga dala 10, ku ajiye ta a falo. Idan laimar ta haura kashi 60 cikin 100 ta zauna a can, mai gyaran na'urar sanyi za ku fara kira.