Alamomi huɗu a kan madanni ɗaya

Saman madannin kibod bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, amma a Taiwan alamomi huɗu ake cusawa a wannan ɗan fili: harafin boko a sama ta hagu, Zhuyin a sama ta dama, Cangjie a ƙasa ta hagu, Dayi a ƙasa ta dama. Wani mai zana madannai da ya daɗe a sana'ar ya sha fama da masu ba da kwangila da ke son a sauya wa alamomin wuri don kyan gani. Ba ya yarda. Idon mai koyo ya riga ya san kusurwar da zai duba.

Tushen wahalar shi ne rubutun Sinanci yana da alamomi dubbai, harufan kibod kuwa 26 ne kacal. Zhuyin, Cangjie da Dayi hanyoyi ne daban-daban na buga wannan rubutu da kibod.

Zhuyin, wadda ke bin lafazi, ta fi ba mai zanen ciwon kai. Alamominta 37 ne, ga na karin sauti guda huɗu, don haka dole su malala zuwa layin lambobi: ㄅ tana kan 1, karin sauti yana kan 3, 4, 6 da 7. Kibod ɗin da aka rage wa layin sama don ya zama ɗan mitsitsi ya tashi daga aiki ke nan a hannun ɗan Taiwan.

Cangjie, wadda Chu Bong-Foo ya ƙirƙira a 1976, ba ruwanta da lafazi. Siffar alama take bi. Madannin A na nufin rana, B wata, D itace, E ruwa. Danna A da B, sai ga 明, wato haske. Gutsattsarin nan suna da ƙananan layuka, shi ya sa mai zanen ya fi son tawadar da ake shigarwa cikin roba da zafi a kan fentin sama, wanda gumin yatsa ke cinyewa. Wata hanyar da ita ma ke bin siffa, Wubi ta Wang Yongmin, ta 1983, ta raba madannai 25 gida biyar, ta bar Z ga mai shakkar gutsuren da zai danna.

A babban yankin Sin kuwa, yawancin mutane Pinyin, wato lafazin Sinanci da harufan boko, suke bugawa a kan kibod na boko zalla. Harafin ü ne kawai babu, sai suka ari V. Bahaushen da ya taɓa neman ƙ ko ɗ a kwamfutarsa ya rasa ya san wannan dabara.