Kamun Ƙwarin Dare a Bayan Gida

Kowa ya san malam-buɗe-littafi, amma kaɗan ne suka kula da ɗan'uwansa mai yawon dare, wanda kan zo ya yi ta kewaya fitila. Da kaka, kafin hunturu ya sauka a Bauchi, na yi mako biyu ina kama su a lambun bayan gidanmu.

Ga yadda ake yi. Ka rataya farin zane a jikin katanga, ka ajiye fitila a gabansa da almuru. Daren da babu farin wata ya fi kyau. Wanda ya sauka, ka kife shi da kwalba mai faɗin baki, ka rubuta kwanan wata, da launinsa, da yawan irinsa. Da safe ka sake shi.

Kada ka ɗauka wasa ne. Tsutsar da ke huda karan dawa, irin wannan ƙwaro ne uwarta. Haka ma tsutsar masara da ta zo daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Nijeriya a 2016. In ka koya wa yaranka wannan ƙirga, suka ci gaba har damina, su ne za su gargaɗi manomi kafin gona ta lalace.