Darasin Lafiya: Gaɓoɓin Jikin Manomi

 Darasinmu na wannan wata a kan gaɓoɓin jiki ne. Kafin a zauna, sai shugaban ƙungiya ya aika wurin mahauci a sayo ɗanyar ƙafar akuya wadda ba a sare gwiwarta ba. Da ita za a yi karatun, gama gani ya kori ji.

Mece ce gaɓa?

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Ƙashi ba ya lanƙwasuwa. Wurin da ƙashi ya haɗu da ɗan'uwansa shi ne gaɓa, kuma a nan ne motsi yake. In ba don gaɓoɓi ba, da mutum ya zama kamar itace, ba ya iya sunkuyawa ya yi noma, ba ya iya kai loma baki.

A feɗe gwiwar akuyar nan a hankali, kowa ya matso ya duba. Za ku ga abu huɗu. Akwai guringuntsi fari mai santsi a bakin kowane ƙashi. Akwai ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, shi ne man gaɓa. Akwai wata siririyar jaka da ta rufe wurin don kada ruwan ya zube. Akwai kuma jijiyoyi farare masu tauri da suka ɗaure ƙasusuwan kamar igiya. Haka gwiwar mutum take.

Gaɓoɓi kashi uku ne

Na ɗaya, waɗanda ba su motsi. Ƙoƙon kai ƙasusuwa ne da yawa da suka cije juna kamar ɗinkin ƙwarya. A kan jariri ba su gama haɗuwa ba, shi ya sa yake da maɗiga. Takan rufe kafin yaro ya cika shekara 2. Iyaye mata, ku lura da wannan. In yaro yana zawo kuka ga maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ragu. Shafa magani a kai ba ya mayar da shi. A ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti ran nan.

Na biyu, masu motsi kaɗan. Ƙashin baya ke nan. Ƙananan ƙasusuwa 24 ne a jere, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, da matashin guringuntsi a tsakaninsu. Kowane yana ɗan motsawa, in an haɗa duka sai mutum ya sunkuya.

Na uku, masu motsi sosai, irin wadda kuka feɗe. Su ma iri-iri ne:

1. Mai kama da askar wanzami. Tana buɗewa tana rufewa ta hanya ɗaya. Ita ce gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu. Gwiwar ƙafa ma kusan haka take.
2. Mai kama da taɓarya a turmi. Kan ƙashi mulmulalle yana zaune cikin rami, yana juyawa ko'ina. Ita ce kafaɗa da mahaɗar cinya da ƙugu.
3. Mai kama da kan keke. Tana juyawa hagu da dama. Tana can saman wuya, da ita muke waiwaye.
4. Mai kama da dutsen niƙa da ɗansa. Ƙananan ƙasusuwa ne masu zamewa a kan juna, kamar guda 8 na wuyan hannu.
5. Mai kama da sirdi. Tana gindin babban yatsa, da ita muke damƙe ƙotar fartanya.

Amfanin sanin wannan

Kowace gaɓa da aikin da za ta iya ɗauka. Gwiwa ba ta son murɗiya. Mai tafiya cikin taɓon fadama wajen dashen shinkafa, in ƙafarsa ta kafe, kada ya juya jiki da ƙarfi, ya fara zare ƙafar tukuna. Ramin kafaɗa ba shi da zurfi, don haka ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa, ko a filin kokawa ko an faɗo daga babur. Matashin ƙashin baya kuwa, sunkuyo da kaya mai nauyi ne ke ɓata shi. In za a ɗaga buhun gero mai kilo 100, a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, buhu kusa da jiki, mutum biyu su kama. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ku sani kuma, guringuntsi ba shi da hanyar jini a cikinsa. In ya cinye, da wuya ya komo yadda yake.

In tsautsayi ya faru

Targaɗe shi ne jijiyar gaɓa ta miƙe fiye da kima ko ta yage. A hutar da wurin, a sa tsumma mai ruwan randa, a ɗaure sako-sako, a ɗaga ƙafar bisa matashi. Kada a gasa ko a murza a kwana 2 na fari.

In ƙashi ya goce, za a ga siffar wurin ta sake. Kada a ja, mai yiwuwa akwai karaya a ciki. A tallafe hannun da ɗankwali ko rawani, a nufi asibiti.

Mun san da yawa sukan fara zuwa wurin maɗori. To, ga abin da za a kiyaye. In an yi ɗori, yatsu suka yi sanyi, suka kumbura, suka dushe, ko mutum ya daina jinsu, ɗaurin ya tare jini. A sassauta nan take, a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye. Jinkirin kwana ɗaya kan sa a yanke hannun yaro.

Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, kada a ce sanyi ne kawai. Mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga, tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Yaron da ƙasusuwansa ke yawan ciwo, a auna jininsa ko sikila ce. A fara da asibitin da ke kusa, kamar babban asibitin Tambuwal. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Faɗi abu huɗu da kuka gani cikin gwiwar akuya.
2. Wace gaɓa ce ta fi wahala a lokacin noman fari, wace ce kuma a lokacin girbi?
3. In ɗan ƙungiya ya ji rauni a gona a Kuchi ko Dogon Daji tsakiyar damina, wa zai kai shi asibiti, da wane kuɗi, wa kuma zai nome masa gonarsa?

Kada a tashi taro sai an yanke shawara a kan tambaya ta uku, magatakarda ya rubuta ta cikin littafin ƙungiya.