Allura da Akushi

'Yan'uwana masu koyon malanta, ina so in ja hankalinku ga yaro mai ciwon sukari wanda ke rayuwa da allurar insulin, watau maganin da Banting da Best suka gano a Kanada cikin 1921.

Abincinmu na nan Zonkwa, ko tuwon dawa, ko acca, ko doya, jiki yakan mai da shi sukari. Awa ɗaya zuwa biyu bayan ci, sukarin nan yakan hau ƙwarai cikin jini, allura ce ke sauko da shi. Saboda haka tilas allura da akushi su yi daidai. Likitoci suna so awon lokacin nan kada ya kai miligiram 180. Kunun zaƙi ya fi tuwo saurin hawar da shi, wake da miyar ganye suna rage masa gudu.

Abin da na fi tsoro shi ne yaro ya yi allura, abinci ya makara. Sai jiri da gumi da makyarkyata. Nan take a jiƙa masa sukari babban cokali ɗaya, a sāke awo bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa kome, maza a kai shi asibiti.