Darasi: Wane Yaro Gudawa Ta Fi Kamawa?

'Yan'uwa, a Dugabau in yaro ya fara gudawa sai mu ce haƙori ne. Ba haƙori ba ne. Ƙwayoyin cuta ne daga kashi, hannu da ruwa da ƙuda ke kai su baki.

Ɗan wata 6 zuwa shekara 2 suka fi kamawa, lokacin rarrafe cikin kashin kaji da fara shan koko. Da damina uwa tana gona, an bar shi hannun yayarsa ƙarama, kokon safe ya kai la'asar a buɗe. Yarinyar ba ta da laifi, mu muka ɗora mata. In ciki ya shiga da wuri aka yaye shi da gaggawa, ya rasa kariyar nono. Gida mai yawan jama'a babu masai, cutar takan bi yara ɗaya bayan ɗaya. Mu tuna amai da gudawar 2021 a Jihar Kano.

In ta fara, kada mu hana nono. Mu zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali cikin tafasasshen ruwa lita 1, ya riƙa kurɓa. In da jini a kashin, kada a kwana, a kai shi asibitin Gwarzo.